Buhun da Yaya Ya Bari Ba a Wanke Ba

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa kowa zai koma. Yayana ya riga mu tafiya ranar wata Talata bayan la'asar, ana yayyafi. Ni ban yi makaranta ba. 'Yarsa ta fari ce ke buga wannan, ina faɗa tana rubutawa, kuma na gaya mata in ta cusa kalma ɗaya tata zan gane idan an karanta mini.

Kwana ukun zaman makoki a bakin ƙofar ɗakin matarsa na yi su, a gidansa na unguwar Azuba a Lafia, ina kallon masu shigowa. 'Yan kasuwa suka zo ayari guda, babbansu ya ce, "Allah ya ji ƙan Malam, ya iya gyaran waya." Yaya bai taɓa gyara wayar kowa ba, tasa ma da roba yake ɗaure ta. Wani dattijon masallacinsu ya ce ai tsohon ma'aikacin banki ne. Malamai daga Shabu suka zo da mota cike, suka zauna a tabarma da takalma a hannu, suka yi ta yabonsa da Turanci har na fara zargin ba su san me za su faɗa da Hausa ba. Maƙwabciyarsa, Mama 'yar Tibi mai sayar da doya, ta shigo da doya goma a kai, ta sauke, ta rungume ni tana cewa, "Gwaggo, kai ka yi haƙuri. Baba ya tafi. Shi kullum yana zauna da telebijin nasa, ba ya damu kowa. Sori o." Ta fi wasu 'yan uwan jini kuka, kuma na san dalili, zan zo kansa.

Sai saƙonni daga ƙasashen waje, na mutanen da suka yi shekaru suna aiki da shi ba su taɓa ganin fuskarsa ba. 'Yarsa tana karantawa tana fassara mana. Ɗayansu ya ce shi ya ɗauka saurayi ne saboda yawan tsokanarsa. Matarsa tana hawaye ta yi dariya.

Na zauna na lura, duk cikin taron nan babu wanda ya san aikin da bawan Allahn nan yake yi. Ni da ban san biyu ba a takarda, ni na sani. Shi ya sa na ce a rubuta.

Yaya ya yi aikin kwamfuta a Kaduna da Legas, da ya yi ritaya ya dawo Lafia. Na ɗauka zai huta. Sai ga shi kullum daga hantsi har azahar yana gaban kwamfuta, ba albashi, ba ubangida. Ni kuwa sana'ata agushi da riɗi, ina saye a hannun manoman Arikya ina tarawa a shago. Buhunan da nake zubawa yawanci tsofaffi ne. Wani ya taɓa cin taki, wani maganin ƙwari, wani garin rogo. Saboda haka duk buhun da ya shigo shagona ba a wanke ba sai na ɗaura masa jan zare a baki. Babu mai zuba abinci a buhu mai jan zare. Wannan dokata ce tun surukata, matar ɗana, ba ta shigo gidanmu ba.

Wata rana ya zo shagon ya zauna a kan benci, na ce masa, "Yaya, mutane na tambayata me kake yi, ina jin kunya in ce ban sani ba."

Ya nuna tulin buhunan da sandarsa. Ya ce, "Aikinki nake yi. Kwamfuta tana da wurin ajiya kamar shagon nan. Duk manhajar da za ta yi aiki sai ta ari buhu, in ta gama ta mayar, wata ta ɗauka. Kuma ba a wankewa."

Na ce, "Ƙazamai."

Ya ce, "Sauri ne ya kawo haka. In wadda ta ɗauka ta zuba nata kafin ta ɗiba, lafiya lau. Amma wani lokaci wanda ya rubuta manhajar yakan manta bai zuba komai ba, sai ta sa hannu ta ɗebo ragowar wanda ya riga ta. Yau ta ɗebo riɗi, aiki ya tafi daidai. Gobe ta ɗebo taki, komai ya rushe, kuma ba wanda ya san dalili."

"To kai ne mai wankin?"

"A'a. Akwai wata manhaja, mai gadi. Duk buhun da ba a zuba masa komai ba sai ta ɗaura masa jan zarenki, ta bi shi da ido. Ka ɗauke shi daga nan zuwa can, ba ta magana. Ka juye shi a wani buhun, zaren ya bi. Ranar da ka ɗebo daga ciki za ka sa a tukunya, ranar za ta buɗe baki, ta faɗi inda abin ya fito."

Na ce to ai an gama, shi me nasa a ciki. Ya gyara hula ya ce, "Ni ina ƙoƙarin yi mata wayo. Ina ɗana mata tarko, in bar wuri ba a zuba ba da gangan, in ɓoye shi, in ga ko za ta gani. In ta yi magana, ta ci. In ta yi shiru, ta faɗi, sai mu gyara ta. Wani lokacin kuma in ba ta buhu mai tsabta in ga ko za ta yi mini ƙarya, don mai gadin da ke ihu a kan komai, kwana biyu za a daina sauraronsa."

Na dube shi na ce, "Duk karatun nan da Baba ya sayar da gona ka yi, ashe tsokanar mai gadi ka koyo."

Ya yi dariya har ya ƙware. Daga ranar ya sa wa manhajar nan suna Gwaggo, sunan da 'ya'yansa ke kirana da shi. Sai ka ji ya fito tsakar gida yana murna, "Gwaggo ta kama ni yau." Ko kuma ya fito fuska a ɗaure, "Gwaggo ta yi barci." Baƙon da bai sani ba sai ya waiga ya dube ni.

Yana da magana guda da ba ya rabuwa da ita: "Wa ya zuba?" A kawo masa kunu a rufe, kafin ya sha, wa ya zuba? A kawo masa labari, shi ma wa ya zuba? Matarsa ta ce shekara arba'in tana dafa masa abinci, har ya mutu bai daina tambaya ba, kuma amsar ba ta taɓa canzawa ba.

Tambayar nan ce ta ceci Mama 'yar Tibi. Akwai babbar tukunyar biki da matan layinsu ke ara a tsakaninsu. Mama ta are ta lokacin auren 'yarta, bayan ta mayar sai magana ta tashi wai naman alade ta dafa a ciki. Mata suka daina sayen doyarta, wasu suka daina amsa gaisuwarta. Ni ma, gaskiya, na ɗaure mata fuska. Da labarin ya kai kunnen Yaya, sai ya ɗauki lemarsa ya fita. Ya je wurin wadda ta gaya wa matarsa, ya ce wa ya gaya miki. Ta nuna wata. Ya je can. Gida biyar ya shiga a yini ɗaya, dattijo da shi, yana sallama yana tambaya. A gida na biyar matar ta ce ita ba ta ce an dafa ba, cewa ta yi, ko wa ya san abin da suke dafawa. Ya dawo ya tara mu ya ce, "Babu wanda ya zuba komai a maganar nan. Ragowar abin da ke zuciyarku kuka ɗebo." Akuya Mama ta yanka, kuma mahaucin da ya yanka mata a masallacinsu yake salla. Washegari ni na fara zuwa na sayi doya, ban nemi ragi ba. Wanda ya san ni ya san abin da hakan ke nufi.

Kada a ɗauka waliyyi ne. Mun yi faɗa da shi, sati uku ban yi masa magana ba.

Ni na jawo da bakina. Na ce masa ita Gwaggonsa ta kwamfuta tana barci, amma ni babu buhun da zai wuce idona. Ashe ya riƙe. Ranar da aka kawo agushi daga Arikya ya zo da sassafe wai zai taya mu hira. Ina waje ina duba kaya, ya ɗauki buhun taki mai jan zare ya cusa shi cikin wankakken buhu, ya lanƙwasa bakin ciki yadda zaren ba zai fito ba, ya mayar cikin tulin. Na dawo na duba buhunan ɗaya bayan ɗaya kamar kullum, na ce wa surukata ta zuba. Ta ɗaga kwano ke nan ya ce, "Dakata." Ya sa hannu ya zaro buhun taki a gaban surukata, a gaban manoma biyu, yana murmushi kamar wanda ya ci kyauta.

Na ce, "Yaya, fita mini daga shago."

Ya fita. Na ci gaba da aika masa da tuwon Juma'a kamar yadda na saba, amma ba saƙon gaisuwa. Shi ma yana mayar da kwano a wanke, ba na gode. A sati na uku ya zo gida ya tsaya daga ƙofa ya ce, "Na yi laifi da na yi a gaban mutane. Ki yafe mini." Na ce na yafe. Sai ya ce, "Amma dai buhun ya wuce."

Da ba yayana ba ne da na jefe shi da muciya. Sai dai gaskiyarsa. Tun daga lokacin kowane buhu sai an juya cikinsa waje kafin a zuba. Kuma duk kaka ni da kaina nake ɓoye buhu ɗaya mara wanki in ga ko surukata za ta kama. Ba na yi a gaban kowa, abin da na fi shi ke nan.

A damanar bara ya same ni ina yi wa wani buhu faci. Ya tsaya a kaina ya daɗe. Ya ce, "Wannan ƙyallen daga ina kika yanko?" Na ce daga wani yagaggen buhu. Ya ce, "In wanda kika yanko daga jikinsa mai jan zare ne, kuma zaren yana can a bakinsa, shi wannan da kika yi wa facin fa?" Na ce sai in ɗaura wa facin nasa zaren, ai dattin ya biyo ƙyallen. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce yana zargin Gwaggonsa ba ta yin haka. Wai akwai wata hanya da ake yanko ɗan guntu daga wuri ɗaya a haɗa da guntun wani, in an bi ta nan sai zaren ya ɓace a wurin ɗinkin. Ya hau mashin ya tafi ko sallama bai yi mini ba.

Aikin da ya riƙe ke nan har ƙarshe. Duk zuwan da zan yi sai ya ba ni labarin faci. Ya ce ya ɗana tarkon, ta yi shiru, ta faɗi. Daga baya ya ce ya gano inda take sakin zaren, yana gyara. A cikin watannin nan ne jiki ya fara ƙi. Ya rame, ya fara mantuwa. Ya nemi tabarau yana kan hancinsa, ya kira jikarsa da sunan uwarta. Mutanen gida suka fara magana ƙasa-ƙasa wai kan Baba ya fara taɓuwa. Zuwana na ƙarshe kafin ya kwanta, ya ce mini, "Saura in rubuta wa abokan aikina bayani in aika." Bai rubuta ba.

Bayan sadakar bakwai, da hantsi, na shiga ɗakinsa na tarar da 'yarsa a gaban kwamfutar. Ita ma aikin kwamfuta take yi a Abuja, amma ta ce nata daban ne da nasa. Abokan aikinsa sun rubuto cewa ya gaya musu yana da gyara a hannu, suna shirin fitar da sabuwar manhajar a ƙarshen satin, in ta samu ta aiko don ya shiga da sunansa. Idanunta sun yi ja amma tana murmushi.

Ta ce, "Gwaggo, na samu, kuma na gyara. Yanzu zan aika."

Na ce, "Me kika gyara?"

Ta ce, "Da na kunna gwajin Baba sai jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar, manhajar tana ƙorafi. Na duba na ga ya manta wani wuri bai sa masa komai ba. Kin san yadda ya koma a ƙarshe. Ba na so su gani su ce ya rikice. Sai na cike wurin da sifili. Ga shi yanzu tsaf, ba ƙorafi ko ɗaya."

Na ja kujera na zauna. Na ce ta nuna mini. Ta nuna mini baƙin allo da 'yan layuka, ni dai duk ɗaya ne a idona. Na ce, "Wurin da kika cike, daga shi ake yanko guntu a haɗa da wani?"

Ta duba, ta ce, "Eh. Ya aka yi kika sani?"

Na ce, "'Yar nan, kin wanke buhun da ubanki ya bari da datti da gangan."

Ta ce ba ta gane ba. Na ce, "Shi aikinsa ya sa ta yi magana. Wata nawa yana fama tana yi masa shiru a kan faci. Ranar da ta buɗe baki ke kuma kin zo kin toshe. In kika aika haka, me za su gani? Buhu mai tsabta da mai gadi a zaune. Za su ce tsohon bai gano komai ba, su ajiye."

Ta ce, "Gwaggo, in kuma mantuwar ce fa? Bai rubuta komai a kai ba. In na aika da kuskure sunansa zai ɓaci."

Ban yi mata faɗa ba, don tsoronta na ƙauna ne. Na ce kada ta yarda da ni, ta gwada yadda shi yake yi. Wato ta cire sifilinta. Ta ba tsohuwar manhajar da kowa ke amfani da ita gwajin, sannan ta ba wadda ya gyara. In duka biyun suka yi magana, ko duka suka yi shiru, to ban san komai ba, ta yi yadda ta ga dama.

Ta daɗe tana latse-latse. Matarsa ta shigo da kunu ta tsaya a bayanmu. Aka ba tsohuwar manhajar gwajin. Muka jira. Shiru, ko layi ɗaya na ja babu. Aka ba tasa. Jan rubutu ya zubo, 'yar ta matsa kusa tana karantawa da yatsa, ta ce ga shi ta faɗi wurin ɗinkin, ta kuma faɗi inda guntun ya fito. Sai ta buɗe wani gwajin da ke kusa da shi, irinsa sak amma an cike ko'ina, ta ba tasa. Shiru. Har buhu mai tsabtan ya tanada, don a ga ba ihun banza take yi ba.

'Yar ta kifa kai a kan tebur tana kuka tana dariya. Ta ce, "Ashe kansa ƙalau." Na ce, "Tabarau yake mantawa." Matarsa ta ajiye kofin a gabana, na ji bakina ya ce wa ya zuba, muka kwashe da dariya mu uku har Mama ta leƙo ta taga tana tambaya ko lafiya.

Bayanin da bai rubuta ba mu muka rubuta, ina faɗa da Hausa tana juyawa. Ta ce ba za ta sa zancen buhu ba, na ce ta sa. Bayan kwana biyu amsa ta zo. Sun gwada, sun ga abin da muka gani, sun karɓi gyaran da gwajin da sunansa a kai. Wai daga yanzu duk wanda ya taɓa manhajar nan, a ko'ina yake, sai tarkon Yaya ya gwada aikinsa kafin ya wuce. Ɗayansu ya tambaya wace ce wannan Gwaggo da sunanta ke cikin gwajin. Na ce ta gaya masa mai agushi ce a Lafia.

Allah ya gafarta wa yayana, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa tsokanarsa kamar yadda na yafe. Ya ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Buhun takin nan da ya kunyata ni da shi yana rataye a ƙusa a shagona da jan zarensa. Surukata ta taɓa sauke shi za ta haɗa da wanki, na ce ta mayar inda ta gan shi.